Farin San Talatu da Kyamara Mai Mantuwa

Ranar Lahadi, ana fitowa daga sallar asuba, kuka ya tashi a gidan marigayi Malam Bature. Turke yana nan a kafe, ragowar harawa tana nan a komi, amma farin san nan da kowa ya sani a Kwarin Ɗinya ya yi ɓatan dabo.

Kwarin Ɗinya ƙauye ne a ƙasar Daura, ɗan ƙarami, irin wanda in kaza ta yi ƙwai a gabas za a ji labari a yamma kafin ya huce. Kafin rana ta ɗaga, ƙofar gidan ta cika maƙil. Talatu, matar marigayin, tana cikin takaba, ba ta da ikon leƙowa waje, sai dai muryarta da ake jiyowa daga tsakar gida. San nan shi ne duk abin da mijinta ya bar wa 'ya'yanta uku.

Aka aika wa Mati mai bin sawu. Dattijo ne siriri, ya ba sittin baya, kuma tun yana saurayi yake bin sawun dabba da na mutum a ƙasar nan. Da ya iso bai gai da kowa ba, abin da ya fara faɗa shi ne, "Ku ja baya, kun tattake mini rabin magana."

An yi ruwa da yammacin Asabar, ƙasa tana da danshi, ta riƙe kome. Mati ya tsuguna a bayan turke, ya daɗe yana kallon wani sawu guda na ƙafar gaba ta hagu. Ya sa aka miƙo masa ƙwarya, ya kife a kai, ya ɗora dutse, ya ce duk wanda ya taɓa shi da Allah. Haka yake yi kullum, ba ya barin sawun farko a hannun iska da awaki.

Ta bayan gida aka ɓalle darni aka fita da san. Sawun mutum yana gaba, takalmin roba irin wanda rabin garin ke sawa, sawun sa yana biye. A wuri uku san ya kafe ƙafafunsa ya turje har ƙasa ta tattaru a gaban kofatonsa. Mati ya durƙusa a kan turjiya ta uku, ya shafa ta da tafin hannu. Can gefe Hamma, Bafulatanin da rugarsa ke bakin fadama shekara talatin, yana tsaye da sanda a kafaɗa yana kallonsa.

Daga nan sawun ya gangara ya faɗa burtali, hanyar da shanun Hamma ke bi zuwa mashaya safe da yamma. Nan ya narke cikin ɗaruruwan sawu.

"Baba Mati, ina ya nufa?" in ji jama'a.

"Ya shiga burtali," in ji Mati.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran maganar mutane suka ƙarasa masa, kowa ya juya yana kallon Hamma.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan dagaci. Nan Jafaru, ƙanen marigayi Malam Bature, ya miƙe ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa. Tun rasuwar yayansa shi ne bakin Talatu a waje, duk saƙon da zai shiga gidan ko ya fita ta hannunsa yake bi.

"Ranka ya daɗe, da safe na yi shiru don ina gudun zato," in ji shi. "Jiya na ari kyamarar Zailani mai hoto zan ɗauki gonata. Yau da sassafe ina kan hanya na hango wannan, na ɗauka, ban kawo kome a raina ba. Sai da na dawo na tarar da kuka."

Hoton ya bi hannu hannu. Ga Hamma a gaba, ga farin sa a bayansa, a kan hanyar fadama. A kusurwar ƙasa, da rubutu ruwan ɗorawa, ga kwanan wata: sha huɗu ga watan bakwai. Ranar ce, Lahadin da ake ciki.

Hamma ya karɓi hoton, ya juya shi, ya miƙa. Bai iya karatun boko ba, amma ya gane kansa.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma wannan ba yau ba ne. Alhamis ce, yau kwana goma ke nan, da na kai shi ruga na yanke masa kofato, na dawo da shi kafin azahar."

Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗin ji. Wani ya ce, "To na'ura ce za ta yi maka ƙarya? Me ka ci mata?"

Dagaci mutum ne mai sanyin hali, amma ya ga yadda idanun samari suka kaɗa. Ya yanke magana: daga nan zuwa Alhamis Hamma ya fito da sa. In bai fito da shi ba, za a miƙa shi ga hukuma, rugarsa kuma ta tashi daga ƙasar Kwarin Ɗinya. Sannan ya waiwayi Mati.

"Kana da abin cewa?"

Mati yana da shi. Sa in ya san mutum ba ya turje masa sau uku a tafiyar da ba ta kai jifa biyu ba. Amma ga hoto, ga lamba, ga gari duk ya zama baki ɗaya, ga kuma samarin da suka daɗe suna cewa zamanin shinshina ƙasa ya wuce. Tsoro ya ji, tsoron a yi masa dariya da furfurarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A dai ba ni zuwa Alhamis ɗin."

Litinin da safe ya fara da Kalilu mahauci, don an yi ta raɗe-raɗin cewa ya yi yanka ranar Lahadi, kuma naman ya yi kitse fiye da yadda aka saba gani a teburinsa. Kalilu bai yi fushi ba. Ya ja shi bayan rumfa ya nuna masa fatar a shanye, ja wur, ta wata tsohuwar saniya.

"Baba Mati, in da na sami farin san nan ai da ka ji ƙanshi tun daga Baure," in ji shi. "Ni da ko ranar sunan 'yata, Juma'ar nan ta sama, ɗan rago na iya yankawa. Tambayi Zailani, shi ya ɗauke mu hoto, har ƙashin haƙarƙarin ragon ana ƙirgawa."

Mati ya yi masa barka, ya ba shi haƙuri, ya wuce fadama.

Ruga ta yi tsit. Matan da ke kai nono gari sun dawo da ƙorensu cike, ba wanda ya saya. Hamma yana zaune a gindin gawo yana murza igiya a cinya. Suka gaisa kamar yadda suka saba, aka tambayi shanu, aka tambayi iyali, amma kowa idonsa a ƙasa.

"Me ya sami kofaton?" in ji Mati.

"Ɗauri. Tun da Bature ya kwanta ciwo ba a fita da shi. Na gaba na hagu ya yi tsawo ya lanƙwashe, har yana ɗingishi. Na yanke, na daidaita, na shafa masa man shanu."

"Da igiya ka ja shi?"

Hamma ya ɗago kai a karo na farko. "Ni na karɓi haihuwarsa, Mati. A garkena ya sha nono kafin Bature ya saye shi. In na yi gaba na kira, ko rafi na shiga zai biyo ni. Igiyar a wuyansa take, ba a hannuna ba."

"Wa ya gan ka ranar Alhamis ɗin?"

"Talatu ta sani, ita ta aiko. Saura kuwa, wa ke lura da Bafulatani da sa a hanya? Sai in an rasa sa."

Talata da hantsi Mati ya yi sallama a gidan marigayi. Ya zaɓi lokacin da ya san Jafaru yana gona. Ya zauna a zaure, Talatu ta tsaya a bayan asabari, suka yi magana ba mai ganin wani.

"Ya haƙuri, Talatu?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Baba."

"Hamma ya taɓa fita da san nan?"

"Ya fita da shi Alhamis ɗin nan ta sama, jajibirin sunan gidan Kalilu. Ni na ce a kira shi. Ai na faɗa wa baban yara Jafaru ya gaya wa dagaci tun ranar Lahadi, ya ce ya faɗa, an ce maganar mace mai takaba ba ta tsayawa a gaban hoto."

Mati yana wurin ranar Lahadi daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya ambaci sunan Talatu da wannan magana.

"Wa kika aika ya kira Hamma?"

"Shi baban yara mana. Wa nake da shi?" in ji ta. "Baba, Malam kafin ya cika ya ce a bar wa Hamma filin fadama ya zauna iyakar ransa, ya kuma ce amanar san nan tana wuyansa har yara su tasa. A gaban ƙanensa ya faɗa. Ni ban ga abin da zai sa mutumin da aka ba abu a hannu ya zagayo ta bayan darni ba."

Mati ya fito. Zargi ya fara zama a wuri guda, amma zargi ba shaida ba ne, kuma rubutun nan ruwan ɗorawa yana nan a kusurwar hoto bai gusa ba. Ya san ƙasa, ya san dabba, ya san mutum. Wannan akwatin ne bai sani ba.

Shagon Zailani ɗaki ɗaya ne a bakin tasha, da labule mai hoton wani lambu da ba a taɓa gani ba a ƙasar Daura. Da ya ga Mati sai ya rikice, har dattijon ya fara tunanin ko da hannunsa a ciki. Ashe tsoron hukuma ne kawai, irin na wanda bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba.

"Wallahi Baba ni wankewa kawai na yi. Shi ya nemo hoton da kansa a ciki ya ce wannan."

"Nuna mini akwatin."

Zailani ya ɗauko kyamarar, wata 'yar baƙa da ta sha hannu. Ya zare batirin daga caji ya sa, ya kunna. Maimakon ta nuna hoto sai wasu lambobi suka fito suna ƙiftawa. Ya yi tsaki, ya hau danne-danne.

"Me kake yi?" in ji Mati.

"Kwanan wata nake sa mata. Wata biyar ke nan, da zarar an cire batir sai ta manta rana, ta manta lokaci, ta koma ɗaya ga watan ɗaya na wata shekara can baya. Kullum sai na gaya mata."

Mati ya gyara tsayuwa. "Kai ke gaya mata? Ba ita ke sani da kanta ba?"

"Da can tana riƙewa. Yanzu kam abin da ka faɗa mata shi take rubutawa."

"In ka ba wani aro fa?"

"Sai in koya masa. Ba wuya, danni huɗu ne."

"Sau nawa Jafaru ya ara?"

"Sau biyu. Asabar ɗin nan, da kuma... da wata Laraba, ya dawo da ita Alhamis da yamma, don na ce masa ina da aikin suna washegari."

"Gobe za mu Daura," in ji Mati. "Ka ce wa duk wanda ya tambaya gyara za ka kai ta. Ba ka yi ƙarya ba."

Mahdi mai gyara yana da rumfa a cikin kasuwar Daura, tsakanin masu sayar da rediyo da masu ɗinkin takalmi. Mutum ne mai ƙiba da tabarau a kan hanci, wanda ba ya gyara abu sai ya yi wa mai shi wa'azi a kansa. Ya saurari Zailani, ya girgiza kai.

"Wata biyar kana fama, ka kasa kawo ta? Ka taɓa cika batirin da caji ka bar shi a ciki kwana biyu ba ka cire ba? Wani lokaci da haka kaɗai take farfaɗowa."

"Na gwada, Malam. Ba ta yi ba."

Mahdi ya buɗe murfin batir, ya goge 'yan ƙarafan da ke ciki da auduga, ya gwada, ba ta canza ba. Sai ya ɗauko siririn sukundireba ya kwance bayanta, ya jera ƙusoshin a kan farar takarda. Da ɗan hantsaki ya nuna wani abu mai ƙyalli, bai kai ƙwayar wake ba.

"Baba, matso ka gani. Babban batir shi ke ɗaukar hoto. Wannan ƙaramin aikinsa ɗaya, ya riƙe agogo in an cire babban. Ya mutu. Shi ya sa take farkawa kamar jariri, ba ta san jiya ba, ba ta san yau ba."

Ya narka dalma ya ɓamɓare mataccen, ya binciko wani daga wata kyamarar da ta faɗa ruwa, ya liƙa, ya mayar da ƙusoshi. Ya sa rana da lokaci, ya zare batir, ya sa suka jira har ya sha shayi rabin kofi. Da ya mayar ya kunna, kwanan wata yana nan daram.

Zailani ya washe baki. Mati kuwa ba wannan ya kawo shi ba.

"Malam Mahdi, lokacin da take mantuwar, in mutum ya ce mata yau gobe ce, za ta yarda?"

"Ko ka ce mata baɗi ce za ta rubuta."

"To babu abin da ba ta mantawa?"

Mahdi ya dube shi ta saman tabarau, ya gane ba tambayar banza ba ce. Ya zare katin da hotuna ke ciki ya sa a kwamfuta. "Ƙirga. Duk hoton da aka ɗauka tana ba shi lamba, ɗaya na bin ɗaya. Wannan ba ruwansa da agogo."

Suka nemo hoton Hamma. Lambarsa ɗari huɗu da sha takwas. Na bayansa, ɗari huɗu da sha tara, Kalilu mahauci ne cikin babbar riga, riƙe da jaririya, ramammen rago a ɗaure a gefe.

Zailani ya dafe kai ya hau salati.

"Ƙara mini girman ƙafar san nan," in ji Mati. "Ta gaba, ta hagu."

Mahdi ya ja hoton har ƙafar ta cika allon. Mati ya kawo fuskarsa kusa, ya daɗe yana kallo kamar yadda yake kallon ƙasa. Sannan ya ce a wanke masa wannan babba, da na Kalilu, kowanne da lambarsa a jiki.

A hanyar komawa ya sa mai babur ya sauke shi a inda burtali ya haɗu da titi. Kwana uku sun wuce, amma a gefen kwalta, bayan wata sabara, ya tarar da kashin sa busasshe, da tattakar wurin da dabba ta yi gardama, da sawun tayar ƙaramar motar ɗaukar kaya da ta juya ta fuskanci arewa, wajen kasuwar shanu ta bakin iyaka.

Alhamis bayan azahar gari ya taru. Mati ya roƙi dagaci a yi zaman a ƙofar gidan marigayi, yadda Talatu za ta ji daga zaure. Aka shimfiɗa tabarmi. Hamma yana gefe guda shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da kowa. Kalilu da Zailani suna nan, Jafaru yana kusa da dagaci yana jan carbi.

Mati ya fara da Kalilu, ya wanke shi a gaban jama'a. Sannan ya juya.

"Malam Jafaru, hoton nan ranar Lahadi ka ɗauka?"

"Ai rubutu ya nuna."

"Ban tambayi rubutu ba, kai na tambaya."

"Lahadi," in ji Jafaru. Carbin ya tsaya a hannunsa.

Mati ya sa Zailani ya faɗi ciwon kyamarar da abin da mai gyara ya samu. Zailani ya faɗa. Aka fara gunaguni. Jafaru ya yi murmushin yaƙe ya ce to, in ta lalace ai shi ya sa mata ranar daidai, laifi ne mutum ya san kwanan wata? Mati ya miƙa wa malamin makarantar gari hotuna biyun, ya karanta lambobin da ƙarfi. Na Hamma ya riga na suna.

"Kalilu, yaushe aka yi sunan 'yarka?"

"Juma'a, biyar ga wata. Rabin mutanen nan sun ci waina a gidana."

"Lamba ce," in ji Jafaru. "Na'urar da ta rikice a rana ba za ta rikice a lamba ba? Ku da kanku kun ce ba ta da lafiya."

Wasu suka gyaɗa kai. Mutanen da ranar Lahadi suka rantse na'ura ba ta ƙarya, yau su ne ke shirin cewa ba a yarda da ita. Ɗan Adam ke nan.

"To mu bar na'ura," in ji Mati. "Ranka ya daɗe, a zo a ga ƙasa."

Aka yi wa Talatu magana ta shige ɗaki. Dagaci da dattawa biyar suka bi Mati bayan turke, Jafaru a tsakiyarsu. Mati ya ɗauke dutse, ya ɗaga ƙwaryar. Sawun yana nan kamar yanzu aka taka, gajere, bakinsa a daidaice, har shatin wuƙa ana gani. Ya ajiye babban hoton a gefensa. A hoton, kofaton gaba na hagu dogo ne, ya lanƙwashe sama kamar hancin tsohon takalmi, san kuma ya ɗage ƙafar yana tausaya mata.

"Wannan sawun na ranar Lahadi ne, a gabanku na rufe shi. San da ya fita daga gidan nan an riga an yanke masa kofato. San da ke cikin hoto ba a yanke masa ba tukuna. Kofato ba ya tsirowa tsakanin turke da fadama."

Duk manoma ne da makiyaya, ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Suka dawo waje. Mati ya tsaya a gaban Jafaru, ya yi magana a hankali, amma har na bayan taro sun ji.

"Ranar huɗu ga wata ka ɗauki hoton nan, ka ce wa akwatin sha huɗu ne. Tambayata ɗaya ce. Yaya aka yi ka san, tun kwana goma kafin ranar, cewa ranar Lahadi sha huɗu ga wata san marayu zai ɓata?"

Jafaru ya dubi dagaci, ya dubi jama'a, bai sami idon da zai sauka a kai ba. Da maganar ta zo, ba ta tuba ba ce, ta ɗaci ce.

"Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Bature! Yana kwance zai mutu, ina riƙe da kansa, ya tsallake ni ya ba baƙo amanar 'ya'yansa, ya ba shi fadamar ubanmu. Ni mene ne? Ɗan aike?"

Daga cikin zaure aka ji Talatu ta fashe da kuka. Dogaran dagaci suka riƙe Jafaru kafin samari su kai gare shi, su ɗin nan da kwana huɗu da suka wuce suke neman Hamma. An aika bakin iyaka a ranar, amma san ya riga ya tsallake. Dagaci ya ce shanun huɗar Jafaru biyu su koma turken marayu, sauran magana kuma ta hukuma ce.

Sannan ya kira Hamma ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Mutane suka yi layi suna miƙa masa hannu. Ya karɓi hannun kowa, ya ce ba kome, Allah ya kiyaye gaba. Fuskarsa ba fushi, ba murna.

Juma'a da hantsi wata mata ta je sayen nono ta dawo da ƙwarya wayam. Ruga ta tashi.

Mati bai jira an aike shi ba. A bakin fadama ya tarar da da'irar bukkoki, toka da sauran ɗumi. Sawun garken ya yi gabas, ba gaggawa, maruƙa a tsakiya, mata a baya. Ya bi. Rana ta take tsaka lokacin da ya cim musu a bakin wani tafki, shanu suna shan ruwa. Hamma ya hango shi tun daga nesa, ya shimfiɗa masa buzu a inuwa, ya sa aka kawo masa nono. Suka gaisa.

"Dagaci ya ce ka dawo," in ji Mati. "Talatu ma ta aiko. Filin naka ne, sunanka ya fita fes, ba wanda zai sake ɗaga maka ido."

"Na gode musu. Ka ce wa Talatu duk kaka zan aiko a duba mata shanun."

"To me ya rage, Hamma? Jafaru ne ya cuce ka, kuma yana hannu."

Hamma ya daɗe yana kallon ruwa. "Jafaru maƙiyi ne, ya yi aikinsa. Mutanen gari kuwa ba su san kome ba, an nuna musu takarda sun bi. Duk na yafe." Ya juyo. "Amma kai ka sani, Mati. Ranar Lahadi ina tsaye ka durƙusa a inda ya turje, ka shafa wurin da hannunka. Ka san ba ya turje mini. Dagaci ya tambaye ka a gaban kowa. Ina ta kallon bakinka."

Mati ya nemi abin faɗa. Yana iya cewa shaida yake jira, yana iya cewa da ya yi magana ranar ba mai saurarensa, kuma duk akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya yi shekara arba'in yana karanta ƙasa ya san bambancin inda ƙafa ta zame da inda ta ja da baya.

"Tsoro na ji," in ji shi.

"Na sani," in ji Hamma. "Sha nonon, kada ya yi zafi."

Ya tashi ya saɓa sandarsa, ya yi kira sau ɗaya. Shanun suka ɗago kai daga ruwa suka bi shi, ba wanda aka sa wa igiya. Mati ya zauna riƙe da ƙwaryar, hawaye na zuba a gemunsa, yana kallonsu har suka shige bayan tudu.